Mun ɗaukaka ƙara, amma ba don a wanke ta ba

Ƙanwata tana gidan yari, ɗanta kuma yana hannuna. Kotu ta same ta da laifin sakaci da yaron da zuba ido ana azabtar da shi, ta yanke mata ɗaurin shekara 7. Mijinta, wanda ba shi ya haifi yaron ba, shi ne mai dukan, shi kuma aka ba shi 12. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san daga inda nake magana. Ni ba lauya ba ce, amma kuma ba 'yar kallo ba ce. Ni ke bin layin masu ziyara a ƙofar gidan yari, ni kuma ke tashi tsakar dare idan yaron ya farka a firgice.

Tun kafin mu bar harabar kotu Hajiyarmu ta fara maganar ɗaukaka ƙara. A nata tunanin, akwai wani babban alƙali can sama, dattijo mai tausayi, wanda da zarar ya ɗora ido a kan 'yarta zai gane ba muguwa ba ce, ya ce a sake ta. Kawu ya ce ko me za a sayar, a sayar. Aka yi ta magana a kan sunan gida, da abin da mutane za su ce, da cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ban musa ko ɗaya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne har aka tashi daga zaman nan ba wanda ya ambaci yaron, alhali yana ɗakin da ke kusa yana jin komai.

Bari in faɗi abin da aka yi masa a taƙaice, don ba na son zurfafawa. Shekararsa 6 lokacin da malamarsa ta lura ba ya iya ɗaga hannun hagu. Uwar ta ce daga kan gado ya faɗo. Hoton ƙashi ya nuna karaya a hannun, ya kuma nuna haƙarƙari biyu da suka taɓa karyewa suka haɗe da kansu, ba wanda ya kai shi asibiti. Likitar da ta ba da shaida ta yi wa kotu bayani cewa ƙashin da ya karye yakan tara sabon ƙashi a wurin yayin da yake warkewa, kuma da wannan ake bambanta sabuwar karaya da tsohuwa. Faɗuwa ɗaya ba za ta bar sabon rauni da tsoho a jiki guda ba. Har yau, idan maigidana ya dawo daga aiki ya kai hannu zai kwance bel, yaron yakan dafe kansa da hannu biyu ya lafe a bango. Maigidan ya koma kwance bel ɗinsa a banɗaki, ƙofa a rufe.

Lauyar da muka samu bayan hukunci, ba wanda ya tsaya mata a shari'ar farko ba, ta bar Hajiya ta gama kukanta tsaf, sannan ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Alƙalan da za mu je gabansu wataƙila ma ba za su ga 'yarki ba. Takarda za su karanta."

A irin tsarin da aka yi mana shari'a da shi, kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake kiran shaidu. Kundin shari'a ake kai mata, wato duk abin da aka rubuta tun daga ranar da aka karanta tuhuma har ranar hukunci, tambayarta kuma ɗaya ce: a ina alƙalin farko ya yi kuskure, kuma kuskuren ya kai ya sauya sakamako? Ko ya karɓi shaidar da doka ta hana, ko ya ƙi wadda ya kamata ya karɓa, ko ya fassara doka a karkace, ko ya yanke ɗaurin da ya wuce iyaka. Batun wane ne mai gaskiya cikin shaidu kuwa da wuya su taɓa shi, don alƙalin farko shi ya ga idon mai shaida, shi ya ji rawar muryarsa. Ba ko'ina ne haka ba. A Faransa, idan an ɗaukaka ƙara a manyan laifuka, akan sake sauraron shari'ar daga farko a gaban wata kotun. Shi ya sa abu na farko da mutum zai tambayi lauya shi ne wane irin zama za a yi, na takarda ko na shaidu.

Haƙƙin kansa na kowa ne, har wanda laifinsa ke sa tsigar jiki tashi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin ɗan ƙasa da na siyasa, a sashe na 14, ta ce duk wanda aka samu da laifi yana da damar kotu ta sama ta duba abu biyu: samunsa da laifin, da kuma hukuncin da aka yanke masa. Mu a gidanmu ba wanda ya san cewa waɗannan biyun daban suke, cewa mutum yana iya cewa "ban yi ba", yana kuma iya cewa "na yi, amma an tsawwala mini". Sai kuma lokaci, wanda ba ya jiran mai jimami. A Faransa kwana 10 ne, a kotunan tarayya na Amurka 14, a Ingila 28, a Najeriya daga babbar kotu zuwa kotun ɗaukaka ƙara 90. Ana cikin karɓar masu jaje kwanaki na tafiya. Ana iya roƙon ƙarin lokaci, amma sai da dalili mai ƙarfi. Kuma duk lauyan da ya ce maka "ba matsala, za mu fito da ita" alhali bai ko buɗe kundin ba, ka riƙe aljihunka.

Hajiya da Kawu suna son ƙofa ta farko, a ce ba ta yi ba. Ni kuwa sai na koma karatu, don ba na son in hana ƙanwata wata dama saboda haushinta da nake ji. Na san akwai iyayen da aka ɗaure a kan 'ya'yansu alhali ba su yi komai ba, kuma labarin da ya fi daɗewa a raina shi ne na Sally Clark.

Ita kanta lauya ce a Ingila. Ɗanta na fari ya mutu a 1996 yana da mako 11, na biyu ya mutu a 1998 yana da mako 8. A 1999 aka same ta da laifin kashe su. A wajen shari'ar, wani babban likitan yara, Farfesa Roy Meadow, ya shaida wa masu taya alƙali yanke hukunci cewa yiwuwar jarirai biyu su mutu haka kawai cikin barci a gida irin nata ɗaya ce cikin miliyan 73. Yadda ya samo adadin shi ne ya ɗauki ɗaya cikin 8,543 ya ninka shi da kansa, kamar a ce mutuwar wa ba ta da wata alaƙa da ta ƙane, alhali jininsu ɗaya, gidansu ɗaya. Ta ɗaukaka ƙara a 2000, ta faɗi. Alƙalan suka ce ko da akwai matsala a lissafin, sauran hujjoji sun wadatar. A 2001 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fito fili ta ce adadin ba shi da tushe, duk da haka tana nan a ɗaure. Abin da ya buɗe mata ƙofa wata takarda ce ta gwajin asibiti da aka zaƙulo daga baya, wadda ta nuna ƙwayar cuta a jikin yaro na biyu, har cikin ruwan ƙashin bayansa. Likitan da ya binciki gawar ya san da ita, bai fito da ita ba. A Janairun 2003 aka soke hukuncin bayan ta shafe fiye da shekara 3 a gidan yari. Ba ta ƙara komawa daidai ba, ta rasu a 2007 tana da shekara 42.

Ta Kathleen Folbigg a Ostireliya ta fi wannan tsawo. 'Ya'yanta 4 suka mutu tsakanin 1989 da 1999, aka yi mata hujja da littafin da take rubuta damuwarta a ciki, aka ba ta shekara 40 a 2003. Ɗaukaka ƙara a 2005 ta rage zuwa 30 amma ta bar ta da laifin. Sai da masana ƙwayar halitta suka gano wata tawaya a jikin 'ya'yanta mata biyu, wadda ke iya tsayar da zuciya farat ɗaya, sannan aka yi mata afuwa a Yunin 2023, kotu ta soke hukuncin a Disambar shekarar. Shekara 20 ke nan.

Wanda ya karanta waɗannan ba zai ƙara cewa ɗaukaka ƙara wasan miyagu ne da lauyoyinsu ba. Amma ku duba abin da ya fitar da matan nan. Ba hawayen dangi ba ne, ba kuma shaidar maƙwabta cewa mutanen kirki ne ba. Hujja ce sabuwa da ta rushe tsohuwa. Na tambayi lauyarmu ko muna da irinta. Ta kai hotunan ƙashin wurin wani likita daban, wanda ba ruwansa da shari'ar, ta tambaye shi har da ko yaron yana da ciwon da ke sa ƙashi saurin karyewa, don akwai irinsa kuma ya taɓa jefa iyaye cikin zargi. Ya duba, ya ce babu, abin da likitar farko ta faɗa shi ne.

Sannan ita ƙanwar tawa. A kotu ta musa komai, mijin yana tsaye kusa da ita. A wata ziyara, muna zaune ana hayaniya ta ko'ina, na ce mata, "Ki gaya mini tsakaninki da Allah, kin sani ko ba ki sani ba?" Ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce, "Yaya, ta bango nake ji. Idan na shiga, ni yake komawa kai. Sai na daina shiga."

Daga ranar na ce wa Hajiya ba da ni ba a maganar "ba ta yi ba". Ba zan sa hannu a takardar da ke cewa yaron nan ƙarya ya yi ba, in dawo gida kuma in kwantar da shi. Mun yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Ƙofa ta biyu kuwa ni na fi kowa tsayawa a kanta. Da lauyar ta karanta kundin layi bayan layi, ta fito da abu biyu. Na ɗaya, ƙanwata ta daɗe a tsare tana zaman jiran shari'a, amma alƙalin ya ce ɗaurin zai fara ne daga ranar hukunci, bai ce uffan a kan watannin da ta riga ta yi ba. Na biyu, a lokacin roƙon sassauci lauyanta na farko ya miƙa katin asibitinta, wanda ya nuna an taɓa ɗinke mata leɓe, an kuma taɓa kwantar da ita bayan ɓarin ciki, duk a zamanta da mutumin nan. Katin yana cikin kundi, amma a jawabin yanke hukunci ba a ambace shi ko sau ɗaya ba. Alƙali yana da damar ya auna abu ya ce bai yi masa nauyi ba. Abin da ba shi da dama shi ne ya wuce kamar bai gani ba.

Na san akwai masu cewa uwa ba ta da uzuri, ko wuƙa aka ɗora mata a wuya. Wani lokaci ni ma haka nake ji. Akwai ranakun da mutumin ya yi tafiya, yaron yana numfashi da ƙyar saboda haƙarƙarinsa, ƙofa a buɗe, waya a hannunta, gidana kuma ba nisa. Ba ta zo ba. Wannan laifinta ne, kuma ba katin asibitin da zai goge shi. Amma doka tana auna laifi ne da yadda aka aikata shi, kuma idan ta rufe ido ga tsoron mace takan haifar da abin da hankali ba ya ɗauka. A jihar Oklahoma ta Amurka, wata mata mai suna Tondalao Hall ta samu ɗaurin shekara 30 a 2006 saboda ta kasa kare 'ya'yanta daga namijin da take tare da shi, wanda ita ma yake jibga. Shi da ya karya ƙasusuwan yaran, shekara 2 da ya yi a tsare aka lissafa masa, aka jingine sauran, ya fita. Ita sai 2019 ta fito, bayan shekara 15 a tsare har da zaman jiran shari'a, kuma ba ta hanyar ɗaukaka ƙara ba, sassauci gwamna ya yi mata. Ta amsa laifi tun farko, wanda ya amsa laifi kuwa ya taƙaita wa kansa hanya ƙwarai.

Kafin mu shigar da takarda lauyar ta gargaɗe mu cewa ba mu kaɗai ke da bakin ƙorafi ba. Gwamnati ma tana iya cewa an yi sassauci da yawa, kuma a wasu wuraren kotun kanta tana da ikon ƙara ɗauri. A Ingila, wata yarinya Star Hobson ta mutu a 2020 tana da wata 16. An yi wa wadda ta kashe ta ɗaurin rai-da-rai, uwar kuma, Frankie Smith, aka ba ta shekara 8 saboda ta bari hakan ya faru. Ofishin babban lauyan gwamnati ya kai maganar kotun ɗaukaka ƙara, a 2022 aka mayar da shi 12. A shekarar ne kuma mahaifin Arthur Labinjo-Hughes, yaro ɗan shekara 6 da matar da uban ke zaune da ita ta kashe, ya nemi a rage masa shekara 21 da aka ba shi, gwamnati ta nemi a ƙara, ya tashi da 24. Duk a 2022 ɗin ƙasar ta ɗaga iyakar hukuncin zaluntar yaro daga shekara 10 zuwa 14, bayan fafutukar matar da ta riƙi Tony Hudgell, yaron da aka yanke wa ƙafafu biyu saboda azabar iyayensa. Duniya ba sassauci take ƙarawa a wannan laifi ba. Na gaya wa Kawu mu yi hattara kada garin neman gira mu rasa ido, shi ya sa muka tsaya a kan dalilai biyun nan kawai, ba mu cika takarda da ƙorafe-ƙorafe ba.

Hajiya ta ɗauka da an shigar da ƙara za a ba da beli, 'yarta ta dawo gida ta jira. Ba haka ba ne. Kafin hukunci doka tana ɗaukar mutum marar laifi, bayan hukunci kuwa mai laifi ne har sai an soke, don haka beli a wannan mataki sai da dalili na musamman. Ɗaurin yana tafiya, kundin yana hannun magatakarda ana bugawa, ana ɗage zama.

Da aka yanke, kotun ta tabbatar da laifin, ta ce a lissafa zaman jiran shari'a, ta kuma mayar da ɗaurin shekara 5 saboda katin asibitin da ba a duba ba. Hajiya ta ce duk wannan wahala a kan shekara biyu? Ƙanwata ta ce ya ishe ta. Sai kuma ta tambaye ni ko idan ta fito zan mayar mata da ɗanta. Na gaya mata gaskiya cewa wannan ba a hannuna yake ba, kuma ba a hannun kotun da ta rage mata ɗauri yake ba. Riƙon yaro shari'a ce daban, jami'an walwalar yara suna da ta cewa, kuma abin da ake dubawa shi ne maslahar yaron, kamar yadda yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ta tanada. Idan aka tambaye ni, zan ce ta fara da ziyara a gabana, idan yaron ya yarda. Ta yi kuka, ban janye ba.

Abin da ke hana ni barci yanzu ƙarar mijin ce. Shi ƙofa ta farko ya bi. Lauyansa yana cewa kafin a karɓi shaidar yaron ba a yi masa tambayoyin da za su nuna ya san bambancin gaskiya da ƙarya yadda doka ta tsara ba, don haka a soke hukuncin. Lauyarmu ta ce dalili ne da kotuna ke saurara da gaske, ba shirme ba ne. Idan ya yi nasara, ko dai a sallame shi, ko a ce a sake shari'a daga farko a gaban wani alƙali. Sake shari'a kuwa yana iya nufin a sake kiran yaron.

A karon farko an fitar da jama'a daga kotu, an sa labule tsakaninsa da mutumin, amma muryar lauyan da ke yi masa tambayoyi ba ta da labule. Sai da aka tambaye shi ko ya tabbata ba faɗuwa ya yi ba, aka sake tambayarsa, aka kuma sakewa. Bayan ranar ya koma fitsarin kwance, ya daɗe ba ya magana sai da kai. Ba na cewa a hana mutumin nan haƙƙinsa. Dokar da ta fitar da Sally Clark ita ce ta ba shi wannan dama, ba yadda za a yi a buɗe wa ɗaya a rufe wa ɗaya. Amma a duk takardun da ke kai-da-komo tsakanin lauyoyi, ba inda aka rubuta abin da kowane sabon zama ke ci a jikin yaro.

Ban gaya masa ba tukuna. Mai ba shi shawara a asibiti ta ce kada a ɗora masa fargabar abin da wataƙila ba zai faru ba. Na dai rubuta wa lauyan gwamnati ta hannun lauyarmu ina tambaya, idan har aka ce a sake shari'a, ko doka za ta bari a yi amfani da shaidar da ya riga ya bayar, in kuma ba za ta bari ba, ko za a ɗauki tasa ta bidiyo daga wani ɗaki, da wani babba da ya saba da shi a gefensa. Sun ce sun karɓi wasiƙar, za su amsa idan kotu ta sa rana.